Goggo Mai Awo da Hoton Ƙofar Shago

Shekara talatin da huɗu Goggo Mai Awo ta yi tana zagaya tef a jikin mata, har ta kai in mace ta sako kai shago, kafin ta gama sallama Goggo ta san faɗin kafaɗarta da inda rigar jikinta take matse ta. Ta shiga shagon ɗinkin Hajiya tana 'yar shekara goma sha tara, aikinta kalmasa da ɗinka maɓalli. Daga nan ta hau keke, daga keke ta koma teburin yanka, daga bisani awo da yanka duka suka dawo hannunta. A wannan shagon ta yi aure, a nan ta yi goyo shida, a nan furfura ta same ta.

Gajeriya ce mai jiki. In ta ɗaga hannu sai damatsanta sun yi lilo kafin su tsaya. Haihuwa ta bar mata ciki mai ninki biyu, gwiwarta ta hagu tana ƙara in za ta miƙe, almakashi ya yi mata kanta a babban yatsa, haƙori ɗaya na gefe kuma ya daɗe da yin sallama. Duk wannan ko a jikinta. Wadda ta ga mata sun fi dubu daga su sai ɗan siket a bayan labule ba ta da abin mamaki game da jikin ɗan Adam. Abin da yake ba ta haushi ɗaya ne, macen da za ta tsuke ciki ta riƙe numfashi da zarar tef ya taɓa ta.

"Saki cikinki, 'yar nan," haka take cewa. "In kin riƙe shi yanzu, ba za ki iya yini kina riƙe da shi a cikin rigar ba. Ni kuma ba gulma nake kaiwa ba."

Mijinta tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Shi Tela yake ce mata, ita kuma Malam. Kullum da yamma yana zaune a bakin ƙofa da rediyonsa, ta dawo ta ba shi labarin shago, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Ana nan sai autar Hajiya ta dawo daga karatu da takardar shaidar sanin kasuwanci. Yarinyar da Goggo ta ɗinka wa rigarta ta farko da ragowar yadi, yarinyar da ta taɓa haɗiye maɓalli aka yi ta salati a shagon. Tun haihuwarta Auta ake kiran ta, amma ranar da ta karɓi makullai ta tara ma'aikata ta ce daga yau sunanta Manaja.

Cikin wata biyu shagon ya canza kamanni. Aka fasa bangon gaba aka sa gilashi, aka rataya fitilu masu kashe ido, aka jera mutum-mutumi huɗu farare marasa kai a taga. Da safe kafin kowa ya zo Goggo ta zagaya musu tef don ta gane wa idonta, ta tarar ƙugun kowannensu bai kai cinyar mace mai lafiya ba. Aka ce an daina awo, yanzu riguna a ɗinke za a riƙa ratayewa, ƙarama da matsakaiciya da babba. Babbar tasu kuwa, ko 'yar shekara ashirin in ta ƙoshi da rana sai ta yi dabara kafin zik ya rufe. Aka ɗauko 'yan mata uku aka tsayar a gaba, dogaye, masu farce zaƙo-zaƙo, waɗanda ba su san zare ta wane gefe yake shiga allura ba. Abin da suka iya shi ne murmushi da danna waya.

Sannan Manaja ta kira Goggo gefe, ta tausasa murya kamar mai gaida marar lafiya.

"Goggo, mun duba lafiyarki. Tsayuwar nan ta yi miki yawa. Ki koma ciki wajen guga da gyare-gyare, ga kujera, ga fanka."

"Auta, ni na ce miki na gaji?"

"Manaja, Goggo."

"To, Auta Manaja, ni na ce miki na gaji?"

Yarinyar ta yi dariyar yaƙe ta ce ai tsari ne. Goggo ta tattara tef da alli da almakashinta ta shige bayan labule. Labulen kuwa ba bango ba ne, ko yini ba a yi ba ta ji ainihin tsarin da kunnenta. Manaja ce take yi wa 'yan matan bayani.

"Gaban shago fuska ne. Mutum ya shigo ya ci karo da tsohuwa tana ɗingishi, ai sai ya ɗauka asibiti ya shigo."

Suka ƙyalƙyale da dariya. Hajiya tana zaune a wurin, ba ta hana su ba. Dama me za ta ce? Lokacin da suka san juna ta girmi Goggo da shekara huɗu, amma a 'yan shekarun nan, da taimakon rini da mayukan kanti, ta dawo ƙanwarta da shekara shida. Ta hana kowa ya kira ta Mama, jikokinta ma Anti suke ce mata. Goggo ta danna dutsen guga a kan wata riga har sai da ta ji ƙauri, sannan ta ɗaga.

Wata bakwai ta yi a wannan ɗakin, tsakanin tururi da tarin rigunan da aka dawo da su don sun ƙi shiga. Tsofaffin abokan ciniki in sun tambaye ta sai a ce tana hutawa, har wata ta je gida yi wa Malam jaje, ta ɗauka shanyewar jiki ce.

Wata Laraba da hantsi ta ji wata murya da ta sani. Tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, wadda rabin matan unguwa suka bi ta hannunta, kowa Malama yake ce mata. Ta zo neman rigar da za ta sa ranar da jikarta za ta karɓi digiri. Shekara guda ba ta leƙo ba, don an yi mata aiki a asibiti an cire mata nono ɗaya. 'Yan matan suka miƙa mata babbar riga, ta shiga ɗakin gwaji, ta fito hannu ya maƙale a damtse, ƙirjin rigar gefe ɗaya ya ɗame, ɗaya ya zube kamar aljihun da babu komai. Ɗayarsu ta kawar da kai tana danne dariya. Ɗaya kuma, wai ita mai hankali, ta ce:

"Mama, ai a shekarunki gara ki nemi wani abu mai duhu, burmeme, wanda zai rufe komai. Ko babban mayafi."

"Ja nake so," in ji Malama. "Na ce miki ja nake so."

Goggo ta yaye labulen da ƙarfi har ƙarfen da ke riƙe da shi ya yi ƙara.

"Malama, sannu da zuwa. Cire wannan tarkon ki zo nan." Ta juya ta auna yarinyar da ido daga sama har ƙasa. "Ke kuma, wannan da kike son rufewa ita ta koya wa uwarki karatu. Matsa ki ba mu wuri."

A cikin ɗakin guga ta yi awon. Ta ga tabon ɗinkin likita, dogo, daga tsakiyar ƙirji har hammata, ta ce a ranta wannan likitan dai bai iya kalmasa ba. Ta tambaya ko za a cusa auduga a gefen don ya daidaita.

"Kada ki cusa mini komai," in ji Malama. "Shekara sittin da takwas ina ɗauke da shi. Ya tafi, ya tafi. Ni dai ki yi mini rigar da za ta zauna."

Kwana huɗu Goggo ta yi a kan rigar. Ta karkatar da wuyan, ta yi tattara daga kafaɗar dama ta gangaro da ita a gicciye, ta buɗe hannu yadda damtse zai sake, ta ɗan ƙara tsawon baya saboda Malama ta fara ranƙwafawa. Yadin ja ne jawur, irin wanda ake hangowa daga ƙarshen layi.

Ranar karɓa ta zo daidai da ranar da Manaja ta kawo mai hoto don ya ɗauki 'yan mata da sababbin kaya a sa a shafin shago na intanet. Ɗakin guga ba madubi, dole suka fito gaba. Malama ta tsaya gaban babban madubi, Goggo ta jawo 'yar kujera ta zauna, don gwiwa ba ta barin ta durƙuso, ta cika baki da fil-fil tana kama ƙasan rigar. Malama ta juya hagu, ta juya dama, sai ta ce, "Kai, ashe da saurana!" Goggo ta so ta yi dariya, ga fil-fil a baki, ta tofar da su a tafin hannu, su biyun suka ɓarke har da hawaye. Nan mai hoton ya juyo da kyamararsa ya danna. Ya nuna musu, ya nemi izinin sawa a shafi. Malama ta ce ya sa, wanda ya ga dama ya kalla. Goggo ta ce ita ina ruwanta.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya zata. Hotuna goma sha biyu na 'yan matan da aka yini ana gyara musu fitila, ba wanda ya waiwaye su. Hoton tsofaffi biyu suna dariya kuwa ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Mata suka yi ta rubutu a ƙasa, wannan ta ce ta tuna da uwarta, waccan ta ce a ina ake samun mai ɗinkin nan. Wayar shago ta hana kowa sakat.

Washegari sai ga Manaja a ɗakin guga, karo na farko cikin wata bakwai, tana fifita da hannu saboda zafi.

"Goggonmu! Goggonmu ta kanmu! Me kike yi a cikin wannan zafin?"

"Hutawa nake yi, Auta. Ba ku kuka duba lafiyata ba?"

Yarinyar ta yi kamar ba ta ji ba. Ta zauna kan tarin kaya ta shiga zuba. Wai yanzu duniya ta waye, wai yanzu tsufa ake yayi, wai manyan kamfanoni duk tsofaffi suke sawa a talla. Za a yi babban hoto a rataya a saman ƙofa, Goggo ita kaɗai, a rubuta a ƙasa cewa kyau ba ruwansa da shekaru. Goggo ta dube ta. Ashe tsufa ma yayinsa ake yi, kamar tsayin siket. Watanni bakwai da suka wuce fuskarta asibiti ce, yau kuma ta zama kayan taga. Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta ji ta ce to.

A kan hanyar gida ta yi ta tuhumar kanta, amma ta san dalili. Tunda take ba ta taɓa yin hoton kirki ba, daga na katin shaida sai na taro, inda kullum take can gefe rabin fuska a yanke. Ta so ta ga kanta sau ɗaya, babba, a wurin da ta ƙarar da ƙuruciyarta. Ta ɗinka wa kanta riga kore mai duhu. Ranar ɗauka ta hana a shafa mata hoda, ta ture hannun mai kwalliya sau uku, ta tura ɗankwali baya yadda ta saba, ta rataya tef a wuya ta dubi kyamara.

Bayan mako guda ta sauko daga mota da safe ta hango mutane biyu a kan tsani suna ɗaure hoton. Na yadi ne, tsayinsa ya kai mutum biyu. Ta tsaya a tsallaken titi.

Rigar tata ce. Tef ɗin nata ne. Matar da ke ciki kuwa ba ta san ta ba. An goge tamojin goshi da na gefen ido tas, fuska ta yi sumul kamar ƙasan dutsen guga. An tsuke damatsa, an share ninkin wuya, an ɗaga kumatu, an haska fata, an dasa mata haƙori a gurbin da ya yi shekara tara babu kowa. Hatta kantar yatsa ba su bari ba. Furfurar ce kaɗai suka ƙyale, ita ma sun ƙara mata fari ta koma kamar auduga, don ita ce shaidar cewa tsohuwa ce suka ɗauka, su masu zuciyar kirki.

Ta daɗe tana kallo. Abin da ya fi ƙona mata rai daga baya shi ne, a 'yan daƙiƙun farko, kafin haushi ya iso, ta ji daɗi. Ta ce a ranta kai, matar nan kyakkyawa ce. Ita da take yi wa mata tsawa su saki ciki, ga ta a bakin titi ta tsuke nata ba ta sani ba.

An dawo da ita gaba, aka ba ta tebur a daidai ƙarƙashin hoton. Mata suka yi ta shigowa. Ta farko ta ce tana neman matar da ke jikin hoto. Goggo ta ce ga ta. Matar ta duba sama, ta dubi Goggo, ta ce, "Allah sarki, 'yarki ce? Kun ɗan yi kama." Ta biyu ta tambaya wane mai take shafawa lokacin da aka ɗauki hoton, kuma me ya sa ta daina. Da yamma Malam ya lallaɓo da sandarsa don ya ga abin da ake ta faɗi. Ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya gyara tabarau, sannan ya leƙo ciki.

"Tela, wace ce wannan ta ari rigarki? Ki karɓe abinki, ban yarda da ita ba. Ko dariyar ba ta iya ba."

Kwana uku ta daure. A na huɗu mai hoton ya zo, ta tare shi a gaban kowa ta ce ya nuna mata na gaskiyar. Ya sosa ƙeya, ya buɗe wayarsa. Ga ta nan yadda Allah ya bar ta, da giɓinta da damatsanta, tana kallon kyamara kamar za ta tambaye ta awon ƙugu.

"Goggo, wallahi umarni aka ba ni," in ji shi. "Kowa haka ake yi masa. Makon jiya har jariri aka sa na rage wa kumatu."

Manaja ta fito daga ofis da sauri. "Haba Goggo, ɗan gyara ne kawai aka yi."

"Ɗan gyara? Ni mai gyara ce, Auta, na san ɗan gyara. Faɗa mini, me wuyana ya yi miki? Haƙorina da na cire da kuɗina a asibiti, wa ya ce ki mayar mini? Wannan hannun da kika yanke rabinsa, shi ya riƙe ki ranar da uwarki ta tafi sarin yadi. A sauke wancan a sa wannan."

"Ba zai yiwu ba. Ki gane, mutane suna son ganin tsohuwa, amma ba wadda..."

"Ƙarasa mana. Ba wadda ta tsufa ba."

Goggo ta dubi Hajiya, Hajiya ta sunkuyar da kai tana gyara awarwaro. Sai Goggo ta ɗauki almakashinta ta fita. Tsanin masu ɗaurin yana nan jingine a lungu, amma gwiwarta ba ta hawa tsani, don haka ta roƙi mai gyaran taya na maƙwabta ya hau ya kwance igiyoyin. Ya hau yana dariya. Hoton ya zubo ƙasa, ta ja shi ciki ta shimfiɗa a kan teburin yanka, ta bi shi da almakashi a miƙe, ba gaggawa, yadda take yanka kowane yadi. Ta fitar da tsumma goma sha biyu masu kusurwa huɗu daidai wa daida, ta jera su ta miƙa wa 'yan matan.

"Ga na goge gilashi. Yadin mai kyau ne, kada a yi asararsa."

Ta tattara tef da alli, ta ce wa mai hoton ya wanko mata na gaskiyar ƙarami, ta yi wa Hajiya sallama irin ta mutunci, ta tafi. Hajiya ta bi ta har bakin ƙofa, ta tsaya tana kallon ta har Goggo ta tsallaka titi.

Yanzu a ɗakin gaba na gidanta take aiki, da keke ɗaya da tebur da madubin da Malam ya kafa a karkace ya rantse daidai yake. Malama ce ta fara zuwa, ta kawo ƙawayenta, su ma suka kawo nasu. Masu doro, masu ƙaton ciki, waɗanda suka rame har zobe yake zamewa, wata mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa saboda shekara arba'in tana rataye da jakar ungozoma. Aiki yana yi mata yawa, ido kuma ya fara gardama, sai ta nemi a zura mata zare. Wasu ranakun tana kewar babban teburin shago da hayaniyar titi, ba ta ɓoyewa.

Shagon bai rufe ba, ciniki ma suke yi sosai. Bayan wata ɗaya suka rataya sabon hoto a saman ƙofa, da rubutun nan dai na cewa kyau ba ruwansa da shekaru. Wata abokiyar ciniki ce ta kawo labarin tana haki, ta ce ta san yarinyar da ke ciki, 'yar maƙwabciyarta ce, ko talatin ba ta cika ba, gashin kanti fari aka ɗora mata aka ba ta tabarau.

Goggo ta gutsure zare da haƙori ta tofar.

"Madalla. Sun samu irin tsohuwar da suke so. Allah ya ba ta tsawon rai, ta kai lokacin da za su kai ta ɗakin guga." Ta jawo yadin da ke gabanta, ta dubi matar. "Ɗaga hannu, Yaya, mu ga ko hammatar ta sake."